Ganyen daji da muka ci muka sha, kowa ya kawo nasa

Maman biyu: Salam ƴan uwa, jiya na sayi busasshiyar tafasa a kasuwa sai kakata ta faɗo min a rai Allah ya jiƙanta, da damina ita ke tura mu bayan gari mu tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a matse ruwan a kwaɗa da ƙuli da ɗan yaji, shi kenan an yi kalaci. Don Allah kowa ya faɗi wanda ya sani.

Ɗan Tasawa: Hajiya kin taɓo min inda ke ƙaiƙayi. Mu nan Nijar anza ce ta riƙe mu a 2005, lokacin da fara da ƙarancin ruwa suka cinye hatsi. Ɗaci gare ta ba kaɗan ba, sai inna ta jiƙa ƙwayar kwana da kwanaki tana canza ruwa safe da yamma kafin a dafa, in aka yi gaggawa ciki ne zai ɗauka. Babana yace a yunwar 1984 har ƙarangiya suka sussuka suka yi tuwo da ita. Wallahi har yau in na ga anza a daji sai jikina ya yi sanyi.

Yar Gumel: Ni sabara na sani, haihuwata ta fari gwaggo ta dafa min ganyenta na yi ta sha, da ita da darbejiya aka yi min wankan jego. Yanzu sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu, masu itace sun gama da ita.

Malam na Zariya: Bagaruwa mu ke jiƙawa in gudawa ta kama babba. Amma ƴan uwa a kula da yara, ɗan yayata aka yi ta ɗura masa jiƙo kwana uku ashe ruwan jikinsa ke ƙarewa, da ƙyar aka ceto shi a asibiti da ƙarin ruwa. Yaro in ya fara zawo a haɗa masa ruwan gishiri da suga a kai shi.

Maman biyu: Allah sarki, Allah ya ƙara masa lafiya Malam. Ɗan Tasawa kwana nawa inna ke jiƙa anzar, kuma ana sa toka ko ruwa ne zalla?