Musayar waƙa: ƙwallon Diaz da masu ɗakin allo

Na-Fagge:
Salamu alaikum 'yan gida. Jiya a gidan kallo bayan an tashi wasa aka sake tono maganar VAR (alƙalan da ke duba hoton wasa a allo) da ƙwallon Luis Diaz da aka soke mana mu 'yan Liverpool a gidan Tottenham a 2023, wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar yanzu aka yi, to maimakon in yi ta cizon yatsa ni kaɗai na ce bari in zubo muku a waƙe. Mai amsa ya amsa da baiti, banda zagin iyaye.

Da sunan Allah nake farawa,
Batun VAR yau nake kawowa,
An ce da mu ita ce mai gyarawa,
Ashe ɓarna ta zo ƙarawa.

Diaz ya zura muna ta sowa,
Mai tuta ya ɗaga, sai sokewa,
Na ɗakin allo yana dubawa,
Ya ga halal ce, ya ƙi faɗawa.

Mu tara a fili muna fafatawa,
Matip ya ci gida, sai tashiwa,
Daga baya haƙuri suke bayarwa,
Maki fa ba ya sake dawowa.

Ɗan Gunners:
Na-Fagge kukanka ya yi tsayi,
Ka bar mu mu ma mu faɗi rabonmu.
Brentford ta zo, Toney ya farke,
Da satar gida, a cikin gidanmu.
Lee Mason na zaune gaban allo,
Ya manta layi, ya ci makinmu.
A Newcastle sau uku ana dubawa,
Gordon ya ci ƙwallo aka bar mu da baƙin cikinmu.
Arteta ya ce abin kunya ne,
Hukuma ta ja shi don ya kare mu.

Alajin Blues:
Ku biyun nan kun cika mana gida da kuka. Na-Fagge zan dawo kanka, bari in sallami wannan ɗan Arsenal ɗin tukuna.

Ɗan Gunners lissafi ya fi ƙarfinka,
Maki biyu Mason ya ƙwace hannunka,
City da biyar ta tsere gabanka,
Sauran ukun wa ya cinye maka?

Kofi ya zo har bakin ƙofarka,
Ka buɗe taga kana ta leƙenka,
Ya juya Manchester ya bar ka,
Ka bar rafari, ka binciki kanka.

'Yar Sakkwato:
Kai! Alaji ka gama da shi, Allah ya ƙara basira. Wannan na tagar shi ne baiti, sauran duk shimfiɗa ce.

Ɗan Gunners:
Hajiya ai ko tari Alaji ya yi cewa za ki yi waƙa ce tunda rigarku ɗaya.

Malam Mai Arulli:
Ni ba ruwana da ƙungiyar kowa, waƙar nake dubawa. Na-Fagge, amsa-amon -wa ai na 'yan koyo ne, duk aikatau ka liƙa masa wa ya zauna, ba ka sha wahalar komai ba. Kai kuma Ɗan Gunners ɗangon Gordon gaɓa 16 ne alhali yawancin 'yan uwansa 10 zuwa 11 suke, rera shi da baki ka ji inda numfashi zai yanke maka.

Ɗan Gunners:
Malam ka buɗe ɗakin allonka,
Kana ta jan layi da alƙalaminka,
Ɗan yatsan baiti ya wuce a ganinka,
Mun ci ƙwallo, ka soke da kanka.

Alajin Blues:
Kuma da amsa-amona na -ka ya yi, ko sallama babu. Aro ma ai da izini ake yi yaro.

Malam Mai Arulli:
Ɗana ita waƙa awo gare ta,
Kunne ka sa kafin ka rubuta,
Gurguwar tunkiya ko ka wanke ta,
Ranar kasuwa tafiya za ta tona ta.

Na-Fagge:
Allah gafarta Malam, ɗangonka na ƙarshe ma ai ɗingishi yake, na ƙirga 13 na samu.

Malam Mai Arulli:
Ba yawan gaɓa kaɗai ake bi ba, nauyinta ake aunawa, doguwa da gajera, gajeru biyu suna iya zama a gurbin doguwa ɗaya, wannan duk wanda ya zauna gaban malamin aruli ya sani.

Ɗan Gunners:
To ɗazu da kake ƙirga min 16 ina nauyin ya tafi? Doka ɗaya a kaina wata a kanka, wallahi irin abin da muke kuka da shi ke nan tun farko.

'Yar Sakkwato:
Ku dai ku girmama furfura. Malam ya fi ku sani ko ba ku so.

Tsohon Rafari:
Ku bar Malam ya sha ruwa. Na-Fagge ƙanena, gyara ɗaya zan maka, ba na kari ba. Darren England da ke kan allo ranar bai ƙi faɗa ba, ɗauka ya yi Simon Hooper da ke fili ƙwallo ya bayar, shi ya sa da ya ja layi ya ga Diaz bai yi satar gida ba sai ya ce an gama dubawa, shi kuma Hooper ya ɗauka an tabbatar da tuta ke nan, Tottenham suka buga aka ci gaba, kuma a doka in wasa ya ci gaba ba a komawa baya. Bayan kwana uku aka saki muryoyinsu kowa ya ji mai juya hoton yana ta roƙon a tsai da wasa. Kyamara ta yi aikinta, mutum biyu ne ba su fahimci juna ba. Ni shekara 11 na yi ina busa a wasannin unguwa, na san yadda kai ke ɗaukar zafi.

Na riƙe usur cikin rana tsaka,
Ba allo, ba mai raɗa a kunnena.
Na ba da fenariti minti na ƙarshe,
Ledar ruwa ta fashe a wuyana.
Dutse ya biyo, na haura katanga,
Takalmi ɗaya na bari a bayana.
Bayan kwana biyu wanda ya jefe ni,
Ya zo ya ce daidai ne hukuncina.

Da ina da allon da zan nuna musu a ranar, da ban koma gida da ƙafa ɗaya a ƙasa ba.

Ɗan Jos:
Ku yi haƙuri sai yanzu na samu caji, tun jiya ba wuta. Duk kun tafi Ingila kun bar namu ciwon. Baba rafari na ji bayaninka kuma Allah ya saka maka takalminka, amma Kofin Duniya na Rasha 2018 fa, wasanmu da Ajantina?

Moses ya farke muna ɗaya da ɗaya,
Rojo ya yi tsalle ta sauka hannunsa.
Rafarin Turkiyya ya je ga allo,
Ya kalla ya dawo yana kaɗa kansa.
Saura minti huɗu Rojon nan dai,
Ya kore mu gida da ƙafar damansa.

Tsohon Rafari:
Ɗana ni ma ranar ban ci tuwo ba, amma ƙwallon kansa ta fara bugu kafin ta sauka a hannu, abin da rafari Cakir ya gani ke nan.

Ɗan Jos:
To a wasan ƙarshe na gasar nan dai da ta taɓa hannun Perisic na Kuroshiya ai allon aka je aka ba Faransa fenariti, Griezmann ya ci. Hannun wani hannu ne na wani reshe ne?

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar, ina biye da ku tun farko ban ce komai ba, bari in tuna muku wasanku da Afirka ta Kudu a gasar Kofin Afirka, ranar da golanku Nwabali ya cece ku.

Ɗan Jos maƙwabci ka tuna Buwake,
Osimhen ya ci kuna ta rawarku.
Ɗan Masar ya je ya duba allo,
Ya soke, ya ba da fenariti kanku.
Mu nan Damagaram mun ga gaskiya ce,
Ba don Nwabali ba da kun ji jikinku.

Ɗan Jos:
Wannan kam ban musa ba, Alhassan Yusuf ya taɗe Percy Tau kowa ya gani, a gidan kallonmu wani har ya cire riga ya hau benci yana murnar biyu da nema sai ga shi an koma ɗaya da ɗaya, a tsaye muka kalli bugun fenariti har aka tashi 4-2. Rafarin nan ya yi aiki, ya fi na Ingila da ake ta zuzutawa.

Alajin Blues:
Na-Fagge na ce zan dawo kanka. A 2024 Wolves ta kawo shawarar a soke VAR a Firimiya, ƙungiya 19 suka ce a bar ta.

Ranar ƙuri'a ina Liverpool ɗinka?
Ta ɗaga hannu ta bar ka da kukanka.

Na-Fagge:
Alaji allo ba ya busawa,
Mutum ke zaune yana dubawa,
Wanda a fili yake kasawa,
Shi aka ba kujerar gyarawa.

Malam Mai Arulli:
Amsa-amon -wa ɗin dai ka koma. Amma wannan ya fi na farko zama a kunne, ban da ɗango na huɗu da ya ɗan yi sanyi a tsakiya.

Ɗan Gunners:
Malam ka bari mana haka nan, ni har yanzu ba ka ba ni amsar 16 ɗina ba.

Ɗan Jos:
Baba rafari kar hayaniyar nan ta binne tambayata, ina nan ina jiran amsar Perisic.