Ina ciniki amma jari yana raguwa: yaya zan yanke farashin kayan ɗinkina?

Uwar Biyu, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina ɗinka jakunkunan atamfa da rigunan matashin kai a gida, ina tallata su a WhatsApp da Instagram kusan shekara guda ke nan. Ciniki yana tafiya, Alhamdulillahi, amma duk ranar da na tashi sarin yadi sai na tarar kuɗin hannuna ba su kai ba, har sai na cika da na adashe. Jaka ɗaya tana cin kayan naira 3,500, ina sayar da ita 5,000, ina ɗauka na ci ribar 1,500. Don Allah a ina kuskuren yake?

Tsohon Tela, Daura:
Wa alaikumus salam, 'yata. Abin da kike kira riba ladan hannunki ne, kuma ko shi bai cika ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda idan aka raba shi a kwana 22 na aikin awa takwas zai kama kimanin naira 400 kowace awa. Idan jaka tana ɗaukar ki awa huɗu daga yanka zuwa guga, ladanki kaɗai 1,600 ne, kin ga tun ba a je ko'ina ba kin faɗi da naira 100.

Sannan ina zargin a cikin 3,500 ɗin atamfa da shafi da zif kawai kika ƙirga. Ina zare, da allurar da ke karyewa idan ta haɗu da soso mai kauri, da man keke, da ledar da kike naɗe jakar, da kuɗin data, da na Keke Napep zuwa babbar kasuwa da dawowa? Ina ƙyallen da ke zuba ƙarƙashin tebur, wanda da kuɗinki kika saye shi? Ki tara waɗannan na wata ɗaya, ki raba su kan adadin jakunkunan da kika ɗinka, ki haɗa abin da ya fito da kuɗin kaya da ladanki, sai ki ɗora riba a kan jimillar. Kuma ki yi lissafi da farashin da za ki sayi turmi yau, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mun sha sayar da kaya kan tsohon farashi, mu koma kasuwa mu kasa mayar da irinsa.

Maman 'Yan Mata, Ƙofar Ƙaura:
Baba ya yi gaskiya. Ni abin da ya karya ni a farko shi ne kuɗin aike, domin nakan ji nauyin faɗa wa mai saye, sai na biya direba a tasha daga aljihuna. Yanzu ina rubuta farashi a ƙarƙashin hoto, na kuma bayyana cewa kuɗin mota zuwa Kano ko Kaduna daban ne. Wadda ta zaɓi nata launi sai ta ba da rabi kafin alƙalami, in ba haka ba almakashi ba zai taɓa yadin ba. Bashin dangi kuwa, wannan sai dai mu yi maganarsa a keɓe.

Mai Surfani, Sabuwar Unguwa:
Ban ƙi lissafin ba, sai dai mai saye ba ruwanta da awoyinki, Yaya, jakar kanti take kallo ta kwatanta da taki. Idan lissafi ya kai ki 7,000 alhali kasuwa ta tsaya a 6,000, rage kashewa ya fi ƙara farashi. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a saro muku a Kantin Kwari, ki riƙa yanka jaka goma a zama ɗaya, ragowar ƙyalle kuma ki yi ƙananan jakunkunan kuɗi da shi. Ki kuma bar ɗan sarari a farashin, tunda mutanenmu ba sa jin daɗin ciniki sai sun taya.

Uwar Biyu, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, jiya na ajiye agogo kusa da keke, jaka ɗaya ta ci awa huɗu da rabi, ban da ɗinkin hannun da nake yi wa bakin maɗauri. Na mayar da ita 6,500, kuma mutum biyu sun riga sun tambaye ni ko atamfar ce na canza.