Cin abinci a ƙananan shagunan 'yan Meziko a Amurka: abin da muka gani

Ɗalibi a Houston: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata shida ke nan da zuwana karatu, kuma tsadar abinci ta fara ci mini tuwo a ƙwarya. Kusa da masaukina akwai wani ƙaramin shagon 'yan Meziko, irin wanda suke kira taqueria, inda taco ɗaya, wato 'yar wainar masara ko ta fulawa da ake naɗe nama ko kifi a ciki, bai wuce dala 3 ba. Na shiga sau ɗaya, amma da na ga sunayen abincin duk da Sifaniyanci suke, sai na sha lemo na fito. Ina roƙon waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan su faɗa mini abin da ake ci da wanda ake bari.

Direba a Chicago: Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara goma ina tsayawa cin abinci a unguwar Little Village, kuma arahar gaskiya ce, sai dai akwai abin dubawa. Al pastor, carnitas, chorizo da chicharrón duk naman alade ne. Al pastor ne ya kusa yaudarata a ranar farko, domin a jikin ƙarfe yake juyawa gaban wuta kamar shawarma, da abarba a samansa. Daga baya na ji cewa baƙin da suka zo daga Labanan ne suka kai wannan gashi Meziko, 'yan ƙasa kuma suka musanya naman rago da na alade. Allah ya taimake ni, mai yankan ya lura da hulata, ya girgiza kai ya ce "puerco", wato alade.

Abin da ya fi wannan wahalar ganewa shi ne kitsen alade, wanda suke kira manteca. Da shi ake yawan soya damammen waken da ake zubawa a gefen faranti, kuma yana shiga wainar fulawa, alhali wainar masara masara ce kawai da aka dafa da farar ƙasa aka niƙa. Saboda haka ta masara nake nema, da kifi ko jatan lande, kuma gasasshe, domin ƙullun da ake tsoma kifi kafin suya wasu na zuba masa giya. Ka duba ko a kan faranti ɗaya na ƙarfe ake gasa komai. Batun yankan shanu da kaji kuwa, wannan tsakaninka da malaminka ne.

Uwargida a Dallas: Malam direba ya gama magana kan nama, ni abin sha ne ya kama ni. Na ga wani jan ruwa a babban tulun gilashi an rubuta jamaica, na saya don gwaji, ina kurɓa na ce wa maigidana wallahi zoɓo ne, citta da kanumfari kawai ya rasa. Ba abin mamaki ba ne, tunda Meziko na cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano. Tamarindo kuma ruwan tsamiya ne. Horchata ta shinkafa ce da kirfa, kodayake wadda ake yi a Sifen da aya ake yin ta, kamar kunun ayarmu. Kuskurena ɗaya shi ne na raina wata miya mai launin ruwan lemo da ke cikin ƙaramin kwano, na malala wa 'yata a abinci, ashe habanero ne, ɗan'uwan attaruhu, yarinya ta shanye horchata kofi biyu tana hawaye.

Mazaunin Bronx, ɗan zangon Kumasi: Hajiya, abin da ya same ki da zoɓo shi ya same ni da tamales, domin a ɓawon masara ake naɗe su kamar dokunu, amma da na tambaya aka ce da manteca aka kwaɓa ƙullun, na haƙura. Ɗalibi ya sani cewa in ya zauna aka kawo masa abinci tebur, ana sa ran ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a matsayin tukuici.

Ɗalibi a Houston: Na gode Yaya, na gode Hajiya. Jiya bayan azahar na koma. Matar da ke kanta ta ce damammen wakensu da manteca ne, amma baƙin waken da man gyaɗa irin na kanti suke dafa shi, don haka na karɓi taco uku na gasasshen kifi, da baƙin wake, da zoɓo babban kofi, na biya dala 14 har da tukuici. Ganyen cilantro, wani ganye mai ƙamshi da ake barbaɗawa a kan taco, shi ne kaɗai bai karɓe ni ba, sai da na tsince shi da cokali na tara a gefen faranti.