Laftof ko biro da littafi: me za a fara saya wa sabuwar ɗaliba?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ummi ta samu gurbi a BUK, sashen bayoloji. Ta dage sai an saya mata laftof kafin a fara lakca, mu kuma kuɗin rajista da na ɗaki ma da ƙyar muka haɗa. Masu 'ya'ya a jami'a da ku ɗalibai, dole ne yanzu, ko biro da littafi za su wadatar?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya sa albarka a karatun.

Kawu Malam: Amin. Anti, a aji ɗaya ba dole ba ne. Ni da nake shiga ajin na san yadda yake. Ɗalibai ɗaruruwa a zauren lakca ɗaya, wasu a kan matakala, wasu a tsaye jikin taga, littafi a kan cinya. Ina za ta buɗe laftof, wane soket za ta jona? Ga shi darasin nata zane ne da lissafi, kyamistare da fiziks da sassan ƙwayar halitta. Kafin ta gama lalubo alama ɗaya a madannai an goge allo. Kuma yawancin jarrabawa da hannu ake rubuta ta, awa biyu ko uku. Hannun da bai saba ba yakan gaji tun a tambaya ta biyu, rubutun ya cakuɗe, mai maki ya kasa karantawa.

Yaya Injiniya: Kawu, na yarda a kan bayoloji, amma kada masu karantawa su ɗauka duk kwas haka yake. Mu a injiniyanci a ABU, manhajojin zane da lissafi irin su AutoCAD da MATLAB ba a koyon su a takarda. 'Yan kimiyyar kwamfuta da masu zanen gine-gine kuwa tun shekarar farko ko ta biyu suke buƙata. Ɗakin kwamfutar sashe yana nan, amma sai an yi layi, kuma da yamma an rufe.

Kawu Malam: Gaskiya ne. Waɗannan daban.

Anti Nas: Ni abin da na gani a kaina, darasin da na rubuta da hannuna ya fi zama. Malami yana magana da sauri, ba za ka iya kama kowace kalma ba, dole ka tace ka rubuta da taka fahimtar. Har bincike aka yi a Amurka a 2014, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer. Sun ga masu buga kwamfuta suna kwafe maganar kalma da kalma, kuma masu biro sun fi su a tambayoyin da ke neman fahimta.

Yaya Injiniya: Anti, an sake gwada binciken nan daga baya, bambancin bai fito fili kamar na farko ba. Ni dai abin da na fi tsoro shi ne laftof a aji ga data a kunne. Ana lakca, shi yana Facebook, na bayansa ma suna leƙe.

Autan Zaure: Mama, bari ɗan aji uku ya sa baki. Waya mai kyau ta fi laftof muhimmanci a farko. Handawut duk PDF ake turowa a zauren WhatsApp na aji, canjin lokacin lakca a nan ake sanarwa, rajistar kwasa-kwasai ma ana iya yi da ita. Asaimen gajere kuwa WPS Office yana bugawa, sai a kai shagon firintin a fitar. Handawut mai kauri gara a yi fotokofi a riƙa ja masa layi da biro, karanta shafi sittin a waya yana kashe ido. A haɗa mata da fawa bank, don wutar hostel ba ta da tabbas.

Maman Ummi: To ɗana, ba za a raina ta ba idan ƙawayenta duk suna da shi? Ina jin abin da ke damunta kenan.

Autan Zaure: Wallahi Mama a aji ɗaya marasa shi sun fi yawa. Ni sai da na shiga aji biyu aka saya min. Kuma akwai sata. Wani ɗan ɗakinmu ya bar tasa tana caji ya fita alwala, ya dawo ya tarar da caja kaɗai a jikin bango. Sabon shiga bai san wa zai yarda da shi ba tukuna.

Kawu Malam: Sai dai kada a ja abin har aji huɗu. A nan nake ganin wahala. Lokacin furojek, wato binciken kammala digiri, ya zo, yarinya ba ta iya buga shafi ɗaya ba, ta ɗauki babi guda ta kai shagon taifin. A biya kowane shafi, malami ya yi gyara da jan biro, a koma a sake biya. Sunayen halittu na Latin kuwa mai shago yakan dagula su, ita ba ta lura ba sai ranar kare furojek. Ga Excel da SPSS na lissafin sakamako. A saya mata a ƙarshen aji biyu, ko kafin ta tafi SIWES, wato horon sanin makamar aiki. Kafin nan ta koyi taifin a hutu, don wasu jarrabawar GST, kwasa-kwasan da kowane ɗalibi ke ɗauka, a kwamfuta ake yi, irin yadda ta yi JAMB.

Hajiya Babba: Mu adashi muka shiga don laftof ɗin yaronmu, wata goma ya fito. Kuma a duba NELFUND, rancen ɗalibai da gwamnatin tarayya ta fara a 2024. Suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye, suna ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Bashi ne dai, za a biya, ku zauna da Babanta ku auna.

Maman Ummi: In sha Allah. To in lokacin ya yi, wace iri? Ni ban san kan su ba.

Yaya Injiniya: Anti, ta hannu mai kyau ta ishe ta. HP EliteBook, Dell Latitude ko Lenovo ThinkPad, don an yi su ne don aikin ofis, suna da ƙwari, kayan gyaransu kuma suna samuwa a Kano. Core i5, RAM 8GB, SSD 256GB. A dage a kan Core i5 zubi na takwas (8th Gen) zuwa sama, saboda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin na'urori a hukumance. A shagon a cire caja, a kunna bidiyo a zauna a ga yadda batir ke sauka. A buɗe Word a danna kowane harafi, a jona filas a kowace kafa, a duba marfin ko yana lilo. A karɓi rasit mai lambar na'urar, da alƙawarin canji a rubuce.

Anti Nas: Kuma ta riƙa ajiye aikinta a Google Drive tun ranar farko.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Wayarta ce za mu fara canzawa, allon ya tsage. Injiniya, Titin Beirut ko Farm Centre?

Yaya Injiniya: Waya Farm Centre. Asabar ina gari, ku turo ta da yayanta bayan azahar mu je tare.