Widal ya nuna 1:160: taifot ne ke nan kai tsaye?

Ɗalibar_Lab, Kawo:
Assalamu alaikum malamaina. Mutum ya zo da zazzaɓin kwana shida, ciwon kai da ciwon ciki. An yi masa Widal, O (awon garkuwar jiki a kan wani sashe na ƙwayar cutar) ya nuna 1:160, aka rubuta taifot, aka ba shi ciprofloxacin. Kwana biyu yana sha, jikin bai yi sanyi ba. Wane gwaji ne ke tabbatar da taifot, kuma ta yaya ake gane maganin da zai ci ƙwayar cutar?

Malam_Mikro, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Widal ba ya ganin ƙwayar cutar, sawunta yake bi. Tun 1896 likitan Faransa Widal ya fito da shi, kuma abin da yake aunawa sinadaran garkuwar jiki ne. A gari irin Kaduna, inda mutane da yawa sun taɓa haɗuwa da dangin Salmonella ta ruwa ko abinci, lambar kan fito sama ga mai ƙoshin lafiya ma. Maleriya kan ɗaga ta, haka rigakafi da tsohuwar cuta. Ba ta da nauyi sai an ɗebi jini sau biyu, kwana 10 zuwa 14 tsakani, aka ga ta ninka sau huɗu, kuma mara lafiya ba zai jira haka ba.

Abin dogaro shi ne kalcar jini, wato a reni ƙwayar a kwalba har ta fito. Matsalar ita ce Salmonella Typhi, ƙwayar da ke kawo taifot, kaɗan ce a jini, wani lokaci ba ta kai ɗaya a kowane mil ba, saboda haka yawan jinin da aka ɗiba shi ne rabin aikin. Babba mil 8 zuwa 10, ƙaramin yaro mil 2 zuwa 4. Idan romon (ruwan abincin da ake renon ƙwayar a ciki) wanda kuka haɗa da hannu ne, kashi ɗaya na jini cikin kashi tara na romo, domin a tsinka garkuwar jiki da ragowar magani. A ɗiba kafin ƙwayar magani ta farko ta shiga baki. Wanda ya riga ya bi ta kyamis ya rage damar samun ta sosai. A goge fata da barasar asibiti mai kashi 70, a bi da aidin ko chlorhexidine, a bari ya bushe, kada a sake taɓa jijiyar da yatsa. A goge robar bakin kwalbar ita ma. Gaggawa a nan ita ke sa Staphylococcus na fata ya tsiro ya ɓata aikin mako guda. Kwalba ba ta shiga firji: inkubeta ce wurinta, digiri 35 zuwa 37. Ko an yi komai daidai, kusan rabin masu cutar ko ɗan fiye ne ake kamawa, don haka rashin tsiro bai wanke mutum ba.

Hajiya_Benci, Unguwar Rimi:
Malam ya gama da ɗiba, bari in ɗora daga kan benci. Kada ki jira romo ya yi duhu. Ki shafa shi a farantan renon ƙwaya, na jini da na MacConkey, washegari, ki maimaita a kwana na uku, sannan na bakwai kafin ki ce babu komai. A MacConkey tsironta fari-fari ne, ba ruwan hoda irin na E. coli ba, domin ba ta cin laktos. Da rinin Gram za ki ga 'yan sanduna jajaye. Idan kika ga duk filin ya koma ja har da abin da ya kamata ya riƙe shuɗi, kin daɗe da asiton, ruwan wanke rinin. Daƙiƙa kaɗan ya isa.

Sai TSI, gwajin da ake soka ƙwayar da allura a bututu mai abincin reno, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Saman bututun ja, ƙasan rawaya, babu kumfar iska, sai wani siririn baƙi kamar gashin baki daidai inda allura ta shiga. Idan baƙin ya cika bututun kuma akwai iska, ki yi tunanin wata Salmonella ko Proteus; gwajin yuriyes zai raba gardama, Proteus na juya shi ruwan hoda, Typhi ba ta juyawa. Gwajin sitret da na indol duka ba sa nunawa ga Typhi. A rufe da antisera (ruwan garkuwa mai dunƙule ƙwayar da ta dace da shi) na O9, Vi da d, wato alamomin jikin Typhi. In O9 ya ƙi dunƙulewa, Vi ne ya lulluɓe shi: a tafasa ruwan ƙwayar a sake. Da hunturu kuma a rufe tagogi, ƙura na sauka a faranti cikin ƙiftawar ido.

Ɗalibar_Lab, Kawo:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara ilimi. Saura batun magani.

Dakta_Barnawa:
'Yar'uwa, kwana biyu bai isa a ce magani ya gaza ba. Ko wanda ya dace ne, zazzaɓin taifot kan ɗauki kwana 3 zuwa 5 kafin ya sauka. Sai dai a fara duba maleriya, a kuma yi gwajin jin magani a farantin Mueller-Hinton mai kaurin milimita 4, ruwan ƙwaya daidai da 0.5 a ma'aunin duhun ruwa na McFarland, faifan magani kada su wuce shida a faranti, a karanta bayan awa 16 zuwa 18. Faranti mai kauri na ƙanƙantar da da'irar da ƙwaya ba ta tsira ba a kewayen faifan, ya nuna turjiyar ƙarya. Faifan da zafin Maris ya dafa saboda ɗauke wuta shi ma haka.

Ga ciprofloxacin, faifan pefloxacin mai maikrogiram 5 ake sawa. Da'ira ƙasa da milimita 24 na nufin a guji ciprofloxacin da danginsa. Ina roƙon masu benci kada su rubuta gentamicin ko cefuroxime a sakamakon Salmonella: a faranti suna kashe ta, a jikin mutum ba sa kai mata, domin cikin ƙwayoyin jiki take ɓuya. Zaɓin da ya rage yawanci ceftriaxone ne ko azithromycin, likita ya auna da nauyin jiki. Ana kaffa-kaffa da su, domin a 2016 wani nau'i ya ɓulla a lardin Sindh na Pakistan wanda ceftriaxone ma ba ya ci.

Idan a mako na uku ciki ya kumbura ya yi tauri kamar katako, ba a jiran sakamakon kalca. Hujewar hanji ake tsoro, a kai shi wurin likitan tiyata a ranar.