Farantin turo ƙasa na sikirefa yana cijewa a rabin hanya

Ina neman taimakon masana gyaran manyan injina game da sikirefar da nake kula da ita, wato babbar motar da ke kankare ƙasa ta kwashe ta. Farantin da ke turo ƙasa daga cikinta yana aiki lafiya da safe, amma da zarar man haidirolik ya ɗauki zafi sai ya cije a rabin hanya, ba tare da muryar injin ta canza ba. Na canza matatar mai, na auna solenoid (na'urar lantarki da ke buɗe wa mai hanya) da mitar auna lantarki, na kuma kankare busasshiyar laka daga hanyar tayoyin farantin, duk a banza. Zargina ya fi karkata ga robar da ke hana yoyon mai a cikin silindar da ke tura farantin, domin jikin silindar yana zafi fiye da kima. Ta yaya zan tabbatar da haka kafin in kwance ta?