Dogon mutum da ƙaramin keke: ina ya kamata sirdi ya tsaya?

Dogon Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Tsawona santimita 192, kekena kuma na gwanjo ne mai giya, firam ɗinsa inci 18. Na zaro ƙarfen sirdi har zanen da ke jikinsa ya fito waje, amma duk da haka in na yi nisa gaban gwiwata yana ciwo, hannuwana kuma suna sagewa. Mai walda ya ce zai ƙara mini bututu. In bari ya ƙara, ko akwai wata dabara?

Mai Gyaran Keke:
Wa alaikumus salam. Kafin komai, Malam, mayar da ƙarfen nan ciki yau, kada ka sake hawa a haka. Zanen nan iyaka ce da masu ƙera shi suka sa. Abin da ake so ya rage a cikin firam wajen santimita 10 ne, kuma ƙarshensa ya wuce mahaɗar da bututun sama ya haɗu da na sirdi. In bai wuce ba, duk nauyinka yana kan bakin bututun, kowane rami ka faɗa ƙarfen yana ɓamɓarar wurin, har ya tsage. A firam na alminiyam tsagewar nan ba ta da gyaran kirki.

Walda kuwa a'a. Daidai wurin da za a jona nan ne ƙarfen ya fi shan lanƙwasa, kuma in zai karye ba ya sallama. Nemi dogon ƙarfe guda, akwai na milimita 350 da na 400. Kaurinsa a milimita yana rubuce a ƙasan wanda kake da shi: 25.4, 27.2, 30.9 ko 31.6. Kada ka yarda da "kusan ɗaya ne". Siriri zai riƙa zamewa, kai kuma ka yi ta ɗaure noti har ka murƙushe bakin firam. Shafa masa giris kaɗan kafin ka sa, don kada damina ta manne shi.

Malamin Lissafi:
Tsawon jikinka ba shi ake aiki da shi ba, tsawon ƙafa ake nema, domin dogaye biyu masu tsayi ɗaya kan bambanta sosai a ƙafa. Cire takalmi, jingina da bango, matse littafi mai kauri a matsematsinka ka tura shi sama kamar kana zaune a kan sirdi, wani ya auna daga ƙasa zuwa saman littafin. Ninka abin da ya fito da 0.883. Wannan lissafin da sunan Greg LeMond aka san shi, Ba'amurken da ya ci tseren keke na Tour de France a 1986 da 1989 da 1990. Sakamakon shi ne tazara daga tsakiyar cibiyar da hannun feda ke juyawa a kai zuwa saman sirdi, ana bin layin bututun.

A ce ƙafarka santimita 94 ce. Ka ga 83 ke nan. Firam inci 18, wato tsawon bututun da ƙarfen sirdi ke shiga, wajen santimita 46 ne, kaurin sirdi ya ci kamar 5, saura 32 da dole su fito waje. Ƙara 10 na ciki, ka samu 42. Wato ko ƙarfen milimita 400 bai kai ba. Kekenka ne ya yi maka kaɗan, ɗan'uwa. Da inci 21 ne, santimita 53, abin da zai fito waje 25 ne kawai, na 400 ya wadatar har da rara.

Ɗan Tsere:
Lissafin Malam daidai ne, amma mafari ne, bai san kaurin takalminka ko tsawon hannun fedarka ba. Gwada da jiki: dafa bango, ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. In ka dawo da tudun ƙafa na bayan babban yatsa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, digiri 25 zuwa 35. Ciwon gaban gwiwa yawanci sirdi ne ya yi ƙasa, ciwon bayanta ya yi sama. In na bayanka ya ga ƙugunka yana rangaji hagu da dama, sauke shi. Riƙa canjawa milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, ka naɗa salatif a wurin don ka gane in ya zame.

Abin da dogaye ke mantawa shi ne bututun sirdi a karkace yake, wajen digiri 73. Duk santimita ɗaya da ka ɗaga, sirdin ya ja baya kusan milimita 3. Sai ka sake duba gaba da baya: daidaita hannun feda a kwance, saki zare mai noti daga ƙasan ƙoƙon gwiwa, ya sauka kusa da tsakiyar feda. Kada dai ka tura sirdi gaba don ka kamo kan keke, gwiwa ce za ta biya.

Mai Gyaran Keke:
Sagewar hannu kuma daga nan take. Sirdi ya hau, kan keke yana nan inda yake, nauyi ya koma tafin hannu. Ɗora lebur na magina a kan sirdin ka ga ko hancinsa ya duƙa. In ya duƙa da yawa kana zamewa gaba kana tokarewa da hannu. Wuyan kan keke mai ƙusa ɗaya a sama ana iya ɗaga shi, amma shi ma yana da zanen iyaka. Mai ƙusoshi biyu a gefe kuwa sai dai ka kife shi ya kalli sama, ko ka sayi mai tsayi. Duba wayoyin birki da na giya, kada su ɗame in ka juya kai.

In za ka canja keken, tafi kasuwa da tef na tela, ka auna bututun sirdi da kanka. Nemi inci 21 ko 22, ko mai rubutun XL.